Darasi A Kan Tunawa Da Wanda Ya Rasu Bayan Doguwar Jinya

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda lafiya da cuta da ajali suke hannunSa Shi kaɗai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa Musulmi, da ke 'yar'uwa Musulma, wannan darasi naku ne, ku da kuka yi jinyar wani naku wata da watanni, har ranar da likita ya ja ku gefe ya ce sai dai addu'a, sa'an nan Allah Ya karɓi abinSa. A nan Fagge da Sabon Gari da wuya ka shiga lungu ba ka sami gidan da aka yi irin wannan jinya ba. An yi ta kai da kawowa tsakanin Asibitin Murtala da Asibitin Malam Aminu Kano, an yi ƙarin jini, an yi wankin ƙoda, an sayar da abin sayarwa, daga ƙarshe an ɗauki makara an nufi maƙabartar Abbatuwa. Yanzu an naɗe tabarmi, 'yan gaisuwa sun watse. To, ta yaya za ka tuna shi?

Ka sani doguwar jinya ba kamar mutuwar fuju'a ba ce. Idan ta tafi da mutum takan bar abu uku a gida: kamannin majinyaci a zuciya, da bashi a wuya, da zargi a tsakanin dangi. Wanda bai gyara waɗannan uku ba, ko da zai yanka sa kowace shekara, bai tuna mamacinsa yadda Shari'a take so ba. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na Farko: Kada Jinya Ta Cinye Rayuwarsa

Mai jinya yakan ce, "Malam, ni duk sa'ad da na rufe ido ba na ganinsa sai a kwance, ya rame, ko ruwa ba ya iya haɗiya." Wannan gaskiya ne, kuma ba laifi ba ne. Amma ka yi lissafi. Mutumin nan ya yi shekara hamsin ko sittin a duniya, jinyar kuwa wata takwas ce ko shekara guda. Ina sauran shekarun? Ina asubahin da yake tashe ku salla? Ina tafiyar da yake yi zuwa kasuwa cikin hunturu don ku ci? Ina uwar da ta hana kanta sabon zane don ta biya maka kuɗin makaranta? Kada ka yarda wata takwas su rinjayi shekara sittin.

Dubi yadda Manzon Allah (S.A.W.) yake tuna Nana Khadija, Allah Ya yarda da ita, wadda ta rasu a Makka wajen shekara 3 kafin Hijira. Ya zo cikin Bukhari da Muslim cewa idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama, kuma yakan yawaita ambatonta da alheri, har Nana A'isha ta yi kishi da ita, alhali ba ta taɓa zama da ita ba. Wata rana 'yar'uwarta Halatu ta yi sallama a ƙofa, da ya ji muryarta sai ya tuna sallamar Khadija, zuciyarsa ta motsa. Abin da yake ambata game da ita shi ne imaninta, da halinta, da 'ya'yan da Allah Ya ba shi ta wajenta. To, ka ga tunawa ta sunna ke nan: a ambaci alherin mutum, a sadar da abin da yake sadarwa.

Kuka kuwa, kada wani ya hana ka. Ranar da Ibrahimu ɗan Manzon Allah (S.A.W.) yake fitar rai, a shekara ta 10 bayan Hijira, bai kai shekara 2 ba, idanun Annabi sun zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya sanar da shi cewa wannan rahama ce. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yage tufa, da maganar da take nuna fushi da hukuncin Allah.

Har ila yau, wahalar da ka gani da idonka ba asara ba ce. Hadisi ingantacce ya nuna babu wata gajiya ko ciwo ko damuwa da za ta sami Musulmi, har ƙaya da za ta soke shi, face Allah Ya kankare masa zunubi da ita. Ba mu yanke wa kowa Aljanna, amma muna kyautata zato ga Ubangiji. Saboda haka ka rufe abin da ka gani a ɗakin jinya. Wanda ya yi ta ɗaga mara lafiya yana wanke shi ya ga abin da mai shi ba zai so a faɗa ba da yana raye. Amana ce. Ba abin hira ba ce a majalisa, kuma hotonsa a kan gadon asibiti ba abin rarrabawa ba ne ta waya.

Ga misali daga wanda kowa ya sani. Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya jiƙansa, ya yi karatu a nan Kano a Makarantar Shari'a, ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962, an ba shi lambar girma ta Sarki Faisal a 1987. Ciwon sankarar jini ne ajalinsa, ya rasu a Landan ran 11 ga Satumba, 1992. To, in ka ambaci sunansa yau, wa yake tuna gadon asibiti? Wani zai tuna muryarsa a Rediyon Kaduna yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello, wani kuwa zai miƙa hannu ya ɗauko tarjamarsa ta ma'anonin Alƙur'ani da Hausa. Aikinsa ya rufe jinyarsa. Mahaifinka ba sai ya zama shaihi ba. Shi ma yana da aikinsa, kai ne za ka fito da shi ka faɗa wa jikokinsa.

Na Biyu: Bashin Da Jinya Ta Bari

Unguwar nan tamu ta ciniki ce tun asali. Fagge zangon fatake da Buzaye ce a bayan ganuwa, Sabon Gari kuwa ta kafu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta tara baƙi daga Kudu. Har gobe ciniki a Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari a kan amana yake tafiya: a ba ka dila, ka sayar, ka kawo kuɗi. To, idan mai shago ya kwanta shekara guda, kowa ya san abin da yake faruwa. Riba takan fara tafiya asibiti, sa'an nan uwar kuɗi ta bi ta, sa'an nan a shiga taɓa kuɗin mutane. Ga kwasar adashi da aka ɗauka ba a gama zubi ba, ga bashin mai kemis, ga takardar fili da aka jinginar.

Ya ɗan'uwa, wannan shi ne abin da ya fi gaggawa a kan mamacinka. An ruwaito cikin Bukhari cewa an kawo wata gawa don Annabi (S.A.W.) ya yi mata salla, da ya ji ana bin mamacin dinari 3 kuma bai bar abin biya ba, sai ya ce sahabbai su yi masa salla, shi ya ja baya, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin tukuna. Cikin Muslim kuwa an nuna ko shahidi ana gafarta masa komai ban da bashi. In haka ne ga wanda ya mutu a fagen fama, ina ga ni, ina ga kai?

Tsarin Shari'a a bayyane yake. A fitar da kuɗin likkafani da binnewa daga dukiyarsa, sa'an nan a biya bashi, sa'an nan a zartar da wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, abin da ya saura shi ne gado. Ka duba Suratun Nisa'i aya ta 11 da ta 12, za ka ga kowane rabo an ɗaure shi da cewa sai bayan wasiyya da bashi.

Kada kuma ka ce ai wanda yake binsa ba Musulmi ba ne. Maƙwabcinsa na Sabon Gari, Ibo ne ko Bayarabe, Kirista ne ko waninsa, in ya ba shi kaya ko ya ranta masa kuɗin magani, haƙƙinsa haƙƙi ne. Manzon Allah (S.A.W.) ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Sau da yawa irin wannan maƙwabci ba zai zo wurin zaman makoki ya ta da magana ba, don kunya ko don tsoro. Kai ne za ka tashi ka same shi a shagonsa, ka ce, "Nawa kake bin baba?" Wallahi wannan tafiya ta fi wa mamaci amfani bisa ga buhun shinkafa goma da za a dafa wa mutanen da suka ƙoshi.

Akwai wani bashi da ake mantawa don yana cikin gida. Matar da ta tuɓe 'yan kunnenta da sarƙarta ta zinariya, ko ta sayar da keken ɗinkinta, aka biya kuɗin asibiti, a tambaye ta: kyauta ta yi ko rance? In rance ne, to, bashi ne, a biya ta kafin a raba gado. Haka nan sauran sadakinta in bai cika ba. Ka tuna rabonta tumuni ne kawai in akwai 'ya'ya, kuma in su huɗu ne tumunin nan ɗaya za su raba. Ita ce ta kwana a ƙasa a asibiti, kada a sallame ta da hannu biyu a ce ai ladanta yana wurin Allah. Ladanta yana wurin Allah, kuɗinta kuwa yana wurinku.

Mu ma da muke raye mu ɗauki darasi. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, watau ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ya san littafi ɗaya a cikin shago bai isa ba. Ka rubuta, ka sa shaidu, ka ajiye wani a gida, ka sanar da babban ɗanka.

Na Uku: Zargi Da "Da Na Sani"

Idan ciwo ya ƙi jin magani, sai raɗe-raɗi ya tashi. Wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce sammu ne, wata ta ce kishiya ce, wani ya ce abokin ciniki ne da suka yi jayayya a kan shago. Daga nan sai a nufi wurin boka ko mai duba, shi kuwa ba ya rasa wanda zai nuna. Sai ka ga mutum ya mutu shekara goma, 'ya'yansa na ɗaki biyu ba sa gaisawa, kuma duk sa'ad da aka ambaci sunansa gaba ce take tashi maimakon addu'a. Wannan wace irin tunawa ce?

Ba mu musun cewa akwai sihiri, Alƙur'ani ya ambace shi. Amma ɗora wa Musulmi kisan kai ba da hujja ba zalunci ne babba, kuma Suratul Hujurati aya ta 12 ta hana yawan zato. Zuwa wurin mai duba kuwa, Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Ran da Ibrahimu ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Annabi (S.A.W.), yana cikin baƙin cikin ɗansa, bai bar maganar ta kwana ba, ya tashi ya bayyana cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar kowa. Ka ga ke nan ba a jingina wa mutuwa dalilin ƙarya, ko da ƙaryar tana sanyaya zuciya.

Cututtukan nan suna da sababi da Allah Ya sanar da likitoci. Ciwon daji, wanda ake kira sankara, wasu ƙwayoyin halitta ne na jikin mutum kansa suke hayayyafa ba ƙaidi, su yi ƙari, su bi jini su yaɗu. Sankarar jini daga ɓargo take farawa. Mutuwar ƙoda sau da yawa hawan jini ne ko ciwon suga da aka daɗe ba a kula da su ba. Sankarar hanta kuwa a ƙasashenmu tana yawan biyo bayan ciwon hantar da ake kira hefatitis B, wanda yake iya zama a jiki shekaru da yawa ba alama, kuma uwa tana iya sa wa jariri wajen haihuwa, miji da mata suna iya sa wa juna. Ana gane shi da gwajin jini, kuma yana da allurar riga-kafi, wadda aka sa cikin riga-kafin yara a Nijeriya tun 2004.

To, ka ga haɗarin zargi? Gidan da aka ce kishiya ce ta kashe maigida, ba wanda zai je gwaji. Gidan da aka faɗi sunan ciwon na gaskiya, matansa da 'ya'yansa za su je a duba su, 'yar da ta ji ƙullutu a mamanta ba za ta ɓoye ba har ya fashe. Neman magani sunna ne, kuma riga-kafi ya fi magani. Faɗin gaskiyar abin da ya kashe shi yana cikin alherin da zai bar wa zuriyarsa.

Akwai kuma mai zargin kansa: da mun kai shi da wuri, da mun sami kuɗin Masar ko Indiya, da ban fita sayen magani ba a daren da ya cika. Ya ɗan'uwa, hadisin Muslim ya gargaɗe mu cewa irin wannan "da" ƙofa ce ta aikin Shaiɗan. Malam Gumi har Landan aka kai shi. Ka yi iyakar ƙoƙarinka, ajali kuwa ba ya gaba ba ya baya. In ka san ka gaza a wani wuri, ka nemi gafarar Allah, ka yawaita masa addu'a, ka wuce.

Na Huɗu: Uku, Bakwai Da Arba'in

Yanzu sai mu zo ga abin da mutane suka ɗauka shi ne tunawa. Gidan da jinya ta riga ta tatse, sai a ce dole a kafa rumfa, a yi hayar kujeru, a dafa abinci, a yi gumba da waina ran uku, a sake ran bakwai, a sake ran arba'in, shekara ta kewayo a sake. In babu, a ciwo bashi a kan bashi, don kada a ce ba su damu da ubansu ba. Muna tambaya da ladabi: Annabi (S.A.W.) ya yi wa Khadija arba'in? Sahabbai sun yi wa Annabi? Su ne kuwa suka fi mu son mamatansu.

Abin da ya tabbata kishiyar haka ne. Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso daga Mu'uta a shekara ta 8, Annabi (S.A.W.) ya umarci a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Watau maƙwabta ne suke ciyar da gidan mutuwa. Sahabi Jarir ɗan Abdullahi kuwa ya ba da labari cewa su suna lissafa taruwa a gidan mamaci da dafa abinci bayan binnewa cikin kukan mutuwa da aka hana. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi bayanin sunnonin jana'iza da bidi'o'inta cikin littafinsa Ihya'us Sunna.

Mafi muni shi ne a ɗebi kuɗin wannan taro daga dukiyar da ba a raba ba, alhali akwai marayu ƙanana a ciki. Yaro ɗan shekara 5 ba shi da izinin da zai bayar. Suratun Nisa'i aya ta 10 ta kwatanta cin dukiyar maraya da zalunci da cusa wuta a ciki. Mai dafawa da mai ci su yi hattara.

Zaman makoki ga mace a kan wanda ba mijinta ba kwana 3 ne. Ummu Habiba matar Annabi, da mahaifinta Abu Sufyan ya rasu, bayan kwana uku ta sa aka kawo turare ta shafa, ba don tana sha'awa ba, sai don bin umarni. Matar mamaci ita ce take takaba wata 4 da kwana 10, mai ciki kuwa sai ta haihu. A bar ta ta yi wanka, ta yi magana, ta je asibiti in ta kama, kada a ƙara mata wasu dokoki da Allah bai saukar ba.

Na Biyar: Abin Da Yake Isa Gare Shi

Kada ka ce to an hana mu komai. Ba a hana ka sadaka ba, ranar da aka ƙayyade da taron ne ba su da asali. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa sai ta hanya uku, watau sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfani da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Sa'adu ɗan Ubada, da mahaifiyarsa ta rasu ba ya nan, ya tambayi Annabi (S.A.W.) ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa i, sai ya ba da gonarsa. Abdullahi ɗan Umar kuwa ya haɗu da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakinsa da rawaninsa, don kawai mahaifin mutumin abokin Umar ne.

Saboda haka, ga abin da za ka yi, gwargwadon ƙarfinka, da dukiyarka ta kanka. Ka sa shi cikin addu'arka a sujada, kullum, ba sai ran arba'in ba. Ka riƙe marayunsa a makaranta. Ka duba matarsa bayan takaba, lokacin da kowa ya daina zuwa. Ka gai da abokansa na kasuwa da na sahun masallaci. Yaron shagonsa da ya yi masa shekaru yana hidima, a sallame shi da mutunci. In da hali, a yi rijiya ko famfo a lungun da ake wahalar ruwa. Kai da ka san ɗacin jinya, ka koma asibitin nan da ka sani, ka biya wa wani kuɗin magani, ko ka ba da jini, ko ka ba da aron keken guragu da katifar da suka rage. Ka ziyarci kabarinsa ka yi masa sallama da addu'a, ba gini, ba shafa, ba roƙonsa komai, domin shi ne yake bukatarka yanzu.

Kafin ka ajiye wannan ɗan littafi, ka ɗauki takarda ka rubuta sunayen waɗanda suke binsa bashi, da sunan ɗan'uwan da aka daina gaisawa da shi tun ranar jana'iza. Gobe da safe ka fara da na farko.

Allah Ya jiƙan mamatanmu, Ya sa jinyar da suka sha ta zama kaffara, Ya sauke musu nauyin da yake kansu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya haɗa zukatan waɗanda aka bari. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.